Daga Gubar Nama zuwa Allurar Goshi

Tsakanin 1817 da 1822, likita Justinus Kerner ya bi diddigin mutanen kudancin Jamus da jikinsu ke shanyewa bayan sun ci naman da aka ɗura a hanji ya lalace, har ya yi hasashen cewa kaɗan daga gubar za ta iya zama magani. A Beljiyam, Émile van Ermengem ya gano ƙwayar cutar da ke fitar da ita bayan ɓarkewar cutar a 1895. Likitan ido Alan Scott na San Francisco ya gwada gubar kan masu harara-garke, Amurka ta amince a 1989, sannan a 2002 ta yarda a yi allurar Botox don tamojin tsakanin gira. A duk waɗannan matakai tsoka ce ake sassautawa, likita kuma yana ganin sakamako da idonsa.

Ciwon damuwa ba a ganinsa haka. Masu ra'ayin yin allurar don magance shi sun dogara da Darwin, wanda a 1872 ya nuna cewa fuska na iya ƙarfafa abin da zuciya ke ji. A ganinsu, in aka hana gira haɗewa, saƙon ɓacin rai da ke komawa ƙwaƙwalwa zai ragu. Eric Finzi ya fara gwada allurar kan marasa lafiya 10 a 2006, Wollmer da Krüger suka yi gwajin kwatantawa da mutum 30 a 2012. Kan masu cutar bayifola, wadda ke jefa mutum tsakanin zumuɗi marar iyaka da baƙin ciki mai nauyi, rahoton Finzi na 2018 mutum 6 kawai ya ƙunsa, babu rukunin kwatantawa.

Za a ce ai Kerner da Scott ma da ɗan abin da suka lura suka fara. Gaskiya ne, kuma buƙatar tana da girma, domin magungunan damuwa na iya tunzura mai bayifola zuwa zumuɗi, abin da ya sa allurar da ke tsayawa a goshi take da jan hankali. Amma wanda aka yi wa ita a gwaji yakan gane da ya dubi madubi cewa ba ruwan gishiri aka ba shi ba, fatan samun sauƙi kaɗai kuma na iya ɗaga zuciya. Gwajin kamfanin Allergan da aka bayyana a 2017 bai cimma babban burinsa ba, hukumar magunguna ta Amurka kuma ba ta amince da ita don damuwa ba. A ganina hakkin masu bayifola ne a yi babban gwaji a kansu kafin a sayar musu da ita, kuma kada kowa ya ajiye maganin litiyam dominta.