Renon Shugabanni a Ƙungiyoyin Ci Gaban Al'umma

Da wuya a sami ƙauye a wannan jiha da ba shi da ƙungiya ko da guda ɗaya: ta ci gaban gari, ta manoma, ta iyaye da malamai, ko kwamitin kula da ɗakin shan magani. Sai dai abin da muke lura da shi a ayyukan raya karkara shi ne, da yawa daga cikinsu sun dogara ne kacokan a kan mutum ɗaya. Ranar da ya rasu, ko ya yi ƙaura, ko siyasa ta ɗauke shi, sai taro ya tsaya, takardu su salwanta, rijiyar burtsatse ta lalace babu mai kiran a gyara. Renon shugabanni shi ne shirya waɗanda za su iya ɗaukar nauyin jama'a tun kafin a buƙace su.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tsarin sarauta ya taso daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, har ya kai ga sarki, kuma kowace sana'a tana da nata jagora, kamar sarkin noma, sarkin fawa da sarkin maƙera. Ba a aji ake koyon wannan aiki ba. Yaro yakan zauna a zaure yana sauraron yadda ake sasanta rikicin iyakar gona, daga baya a aike shi ya wakilci babba a ƙaramin al'amari. A aikin gayya ake gane saurayin da ’yan'uwansa ke jin maganarsa. A ɓangaren mata kuwa, uwar adashe, wadda ke riƙe kuɗin mutane wata da watanni ba tare da an ji kanta da kowa ba, ta riga ta ci jarrabawar da ma'aji da yawa ke faɗuwa.

Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na shekarar 1976 ya karɓe harkokin mulki daga hannun hukumomin En'e, ya bar wa sarakuna matsayin ba da shawara. Amma amincewar jama'a ba ta tashi daga ƙofarsu ba, kuma yaƙi da cutar shan inna ya tabbatar da haka. A shekarar 2003 an dakatar da rigakafi a wasu jihohin Arewa saboda zargin da ya bazu game da maganin, Jihar Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004. A 2006 yaran da cutar ta kama a Nijeriya sun haura 1,000. A 2009, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, aka ɗora wa hakimai, dagatai da masu unguwanni alhakin bin gida-gida tare da ma'aikata. A 2010 adadin ya sauko zuwa 21. Ba wannan kaɗai ya kawo nasarar ba, amma uban da ya rufe wa ma'aikaci ƙofa yakan buɗe wa mai unguwarsa. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa an kawar da asalin ƙwayar cutar daga nahiyar Afirka.

Ƙungiyar zamani kuwa tana buƙatar wani abu bayan amana, wato rubutu. Shirin raya al'umma na CSDP, wanda ya fara a 2009 da tallafin Bankin Duniya, ya sa al'umma ta zaɓi kwamitinta a bainar jama'a, ta buɗe asusun banki, ta kuma ba da nata kaso na kuɗin aiki. Mutanen da ba su taɓa riƙe littafin shiga da fitar kuɗi ba sun koya a nan. A ganinmu wannan ilimi ya fi ginin da aka yi daraja, domin gini yakan tsufa.

Saboda haka muna shawartar kowace ƙungiya da ta rubuta tsarin mulkinta, ta ƙayyade wa'adin shugabanni, ta kuma raba aikin shugaba da na ma'aji da na sakatare. Kada kuɗi su fita sai da sa hannun mutum biyu aƙalla, kuma a riƙa karanta lissafi da Hausa a gaban taro. Mataimaki kada ya zama na ado: a bar shi ya jagoranci wasu taruka, ya yi kuskurensa tun shugaba yana kusa. A sa mata da matasa a muƙaman da ke da aiki na haƙiƙa, ba don cika sharaɗin masu ba da tallafi kawai ba.

Jami'an raya al'umma na ƙananan hukumomi su ma suna da nasu rabon. Idan horo ya zo, kada a riƙa tura mutum ɗaya kullum saboda kuɗin zama. Haka nan su halarci miƙa ragama duk lokacin da aka sake shugabanni, su tabbatar da cewa takardar rajista, littafin taro, takardun banki da jerin kayan ƙungiya sun shiga hannun sababbin shugabanni a gaban dagaci ko wakilinsa.