Hajiya Gambo Sawaba: Sunaye Uku a Kan Mace Ɗaya

Duk wanda ya san tarihin siyasar Arewacin Nijeriya ya san Hajiya Gambo Sawaba, amma ba kowa ya san cewa ba sunan yankanta ba ne, kuma ba sunan gidansu ba ne. An haife ta a shekarar 1933, aka raɗa mata suna Hajaratu. Mahaifinta, Amarteifio, mutumin Ankara ne ta ƙasar Gana, aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Nijeriya. Ya musulunta, ya zama Isa, ya zauna a Zariya, ya auri Fatima, Banufiya. Ke nan ta uba da ta uwa, babu inda jinin Hausa ya ratso ta.

Sunan Gambo kuwa al'ada ce ta ba ta. A ƙasar Hausa, ɗan da ya biyo bayan tagwaye, namiji ko mace, Gambo ake ce masa, ita ma tagwaye ta biyo. Wannan ya nuna cewa gidan baƙin nan ya riga ya ɗauki harshe da ɗabi'un mutanen da ya zauna cikinsu.

Na uku shi ne wanda ta saya da jikinta. Ta rasa iyayenta tana ƙarama, aka aurar da ita tana da shekara 13. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, ta shiga tana da shekara 17, ba da jimawa ba ta zama shugabar mata. Sawaba kalma ce ta sauƙi bayan tsanani, ita ce kuma kirarin jam'iyyar, har sanarwar manufofinta ta 1950 da ita ake kiranta. Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce Malam Aminu Kano ne ya laƙaba mata ita. Kalmar ta tsallaka har Nijar, inda jam'iyyar Djibo Bakary ta ɗauke ta.

Laƙabin bai zo da arha ba. An ɗaure ta har sau 16, ta sha duka, saboda tana yaƙi da auren wuri da aikin tilas, tana kuma neman a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai 1976. Ta rasu a 2001, yau kuma akwai babban asibiti a Zariya mai ɗauke da sunanta.

Wannan labari ya shafe mu, mazauna Nkololoun da sauran unguwannin New Bell. Tun zamanin Jamus aka yanki New Bell, ta kuma zama masaukin baƙi, kamar yadda Sabon Gari yake a Zariya. A nan ma aure ya haɗa Bahaushe da wasu ƙabilu, takardar haihuwa ta Faransanci kuma takan ɗauki sunan kaka ta mayar da shi sunan dangi, ta bar laƙabin gida a waje. Idan tsofaffin da suka san dalilin kowane suna suka ƙaura, dalilin ya bi su. Saboda haka, 'yan uwa, a tambaye su tun suna raye, a rubuta. Kada kuma a gwada Hausancin yaro da ƙabilar uwarsa ko ta ubansa, domin 'yar mutumin Ankara da Banufiya ce talakawan Hausa suka yarda ta tsaya a gabansu.