Hanyoyi Biyu na Daidaita Maganar Waya

Idan mai saye da mai sayarwa ba su yarda da mudu ɗaya ba, ciniki ba ya yiwuwa. Haka yake ga sadarwa. Sai an yarda da ƙa'ida ɗaya kafin na'urar wata ƙasa ta gane saƙon na'urar wata ƙasa. Amma wa zai yanka mudun?

A shekara ta 1865 wakilan ƙasashe 20 suka taru a birnin Paris, suka kafa ƙungiyar wayar tangaraho ta duniya, wadda yanzu ake kira ITU. Hanyarta ta gwamnatoci ce: a zauna, a yi shawara, a sa hannu, sa'an nan a soma aiki. Ita ce ta rarraba lambobin tarho na ƙasashe, Nijeriya 234, Nijar kuwa 227.

Da aka so a haɗa kwamfutoci, sai aka bi wannan tsohuwar hanya. Hukumar ƙa'idodi ta duniya, wato ISO, tare da kwamitin ITU, suka zana wani babban tsari mai hawa 7, mai suna OSI, aka fitar da shi a 1984. Gwamnatocin Turai suka goyi bayansa. Har gwamnatin Amurka ma ta yi doka a 1988 cewa ma'aikatunta su riƙa sayen kayan da suka bi shi.

Amma akwai hanya ta biyu. Tun 1974 masana biyu a Amurka, Vinton Cerf da Robert Kahn, suka bayyana dabarar da ta zama TCP/IP. Ranar 1 ga Janairu 1983 kwamfutocin ARPANET, wadda ma'aikatar tsaron Amurka ta kafa, suka koma kanta. Injiniyoyin da suka kafa taron IETF a 1986 ba su jira sa hannun ministoci ba. Sukan gwada abu tukuna, in ya yi aiki su yarda da shi. Takardunsu kyauta ne ga kowa, na ISO kuwa sai da kuɗi.

Gani ya kori ji. Yayin da kwamitoci suke ta gyaran takardu, jami'o'i da kamfanoni sun riga sun rungumi abin da yake aiki. A 1995 Amurka ta janye tilascin OSI, intanet kuwa ta tsaya a kan TCP/IP.

Duk da haka gardamar ba ta ƙare ba, gama kowace hanya da nata aibi. Hanyar gwamnatoci tana da nawa, amma a ITU ƙuri'ar Nijar daidai take da ta Amurka. A taron injiniyoyi ƙofa a buɗe take, sai dai masu kuɗin tafiya da gwanintar Turanci su aka fi ji. A taron ITU na Dubai a 2012 ƙasashe 89 suka sa hannu a sabuwar yarjejeniya, Amurka da wasu suka ƙi, don tsoron kada gwamnatoci su mallaki intanet. Ƙasar da ba ta horar da injiniyoyinta ba, da mudun wasu za ta riƙa awo.