Ɗigon Ruwa a Jikin Bango

Kakana magini ne, a Ƙofar Nassarawa ta Kano ya tsufa. Idan yaɓe ya bushe, yakan tsoma yatsa a buta, ya yarfa wa bango ruwa, ya zuba ido. In ɗigon ya dunƙule ya gangaro, aiki ya yi. In kuwa ya baje, wurin ya yi duhu, sai ya ce mini, "Yaro, ɗauko makuba, bangon nan ƙishirwa yake ji."

Da ƙasa zalla aka yi ganuwar Kano, tun daga Sarki Gijimasu da ya fara ta tsakanin 1095 da 1134, har Muhammadu Rumfa da ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Ginin ƙasa kuwa ba shi da maƙiyi kamar damina, shi ya sa magina suka zuba basirarsu a kan fuskar bango. Makuba ɓawon ɗorawa ne da ake jiƙawa har ruwan ya rine, a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi. Laso ya fi shi tsada da wahala: a kwaso katsi daga marina irin ta Ƙofar Mata, a ƙona, a daka, a haɗa da gashin akuya daga majema da kuma dafara. Da shi ake shafe rufin soro da cikin rijiyar rini, a yi ta gugarsa har ya yi sumul.

Wannan gugar ce na daɗe ban gane ba, sai da na karanta bayanin masani Robert Wenzel na 1936 a kan kaushi da jiƙewa. Kaushi ba ya sauya halin abu, ƙara masa ƙarfi yake yi. Abin da ke son ruwa, kamar ƙasa, in ya yi kaushi sai ɗigo ya ƙara bajewa a kansa, ya bi ƙananan ramuka ya shige. Abin da ke ƙin ruwa kuwa kaushi na taimakonsa. Dubi ganyen gwaza, mai kaki da ƙananan ƙuraje a jikinsa, yadda raɓa ke birgima a kai kamar dutsen ado. Ashe kakana rage wa ƙasa ƙishirwa yake yi ta hanya biyu: ya toshe ramukan da makuba, ya kashe kaushin da tafin hannu.

Yanzu gadar sama ce ta haye unguwarmu, masu yin laso sun yi ƙaranci, ana lulluɓe tsohon soro da siminti. Abin na damuna, don da zarar simintin ya tsage, ruwa ya shiga ba ya samun mafita, sai tubali ya jiƙe daga ciki. Bara na dafa irin wannan bangon a bayan gidanmu, na ji yana amsawa kamar ganga.