Kurege a Akwatin Imel

Manomin gyaɗa a Kiru ko Bebeji ya san kurege: yakan bi kunya ya tone irin da aka shuka jiya. A tatsuniya kuwa ba ya kayar da kura da ƙarfi, sai da kwaɗayinta. Haka wasiƙun banza na imel suke.

Asalinsu talla ne. Ranar 3 ga Mayu 1978 Gary Thuerk na kamfanin DEC a Amurka ya aika wa kusan mutum 400 tallar kwamfuta ta ARPANET, aka yi masa ca. A Najeriya abin ya zama damfara: wasiƙun gidan waya na shekarun 1980 masu alkawarin miliyoyi suka koma faks, sannan imel. Duniya ta kira su 419, lambar wani sashe na dokar laifuffuka ta Kudu, alhali Kano da kundin Penal Code take hukunci. An kafa EFCC a 2003, dokar laifuffukan intanet ta biyo a 2015.

Yanzu saƙon ya sauko waya. Yakan iske ɗan kasuwar masara a Tudun Wada ko Doguwa da sunan bankinsa, yana neman BVN da lambar sirri, wai za a rufe asusu kafin azahar.