Kalmar Frisk: Daga Tsallen Ɗan Rago Zuwa Hannun Ɗan Sanda

Jama'a, kalmar da za mu duba yau ƙarama ce, harufa biyar kacal, watau frisk. Ma'anarta ta fari a Ingilishi ita ce tsalle-tsalle da guje-guje na nishaɗi, irin wanda ɗan rago ko ɗan maraƙi ke yi sa'ad da ya ƙoshi da nono, ya ruga nan, ya tuma can, ba don wata bukata ba sai don jin daɗin jikinsa.

Ingilishi ya aro ta ne daga Faransanci, inda frisque ke nufin mai kuzari da fara'a. Ta bayyana a rubuce-rubucen Ingila tun farkon ƙarni na 16. Masana da yawa suna ganin tushenta na can cikin harsunan Jamusawa, 'yar uwa ce ga fresh, watau sabo ko ɗanye. Wannan zato ne mai ƙarfi, ko da yake ba a yanke shi ba.

Abin lura ya faru ne wajen ƙarshen ƙarni na 18. Ɓarayin birnin London suna da zaurancensu, a cikinsa kuwa suka ɗauki wannan kalma ta wasa suka ɗora mata laluben aljihun wanda suka tare. Ƙamus ɗin kalmomin 'yan tasha na Francis Grose, a bugun 1811, ya kawo ta da wannan ma'ana. Dalilin bai da wuyar ganewa: hannun mai lalube yakan bi jiki da sauri, ya taɓa nan, ya taɓa can, kamar dai ƙafafun ɗan ragon. Daga bakin ɓarawo kuma sai ta koma bakin mai kama shi.

A Amurka ne ta shiga harshen shari'a. Cikin 1963, a birnin Cleveland, wani ɗan sandan ciki ya tare John Terry a kan titi, ya lalube shi, ya sami bindiga. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda cikin 1968 ta yanke cewa ɗan sanda na iya tsayar da mutum ya lalube tufafinsa in yana da zato mai dalili, ko da babu takardar izinin bincike. A ganina, ma'aikacin hukuma ya kamata ya tsaya a kan kalmomin nan biyu, zato da dalili, domin a nan rigimar take. Cikin 2011 kaɗai 'yan sandan New York sun tsayar da mutane fiye da sau 685,000, mafi yawansu baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, kuma kusan tara cikin goma aka sallame su ba tare da tuhuma ba. Cikin 2013 Mai Shari'a Shira Scheindlin ta yanke cewa yadda birnin ke aiwatar da wannan tsari ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar.