Kogin Da Ya Daina Ƙafewa



A ƙarshen watan Oktoban da ya wuce na shiga mota a tashar 'Yankaba zuwa Haɗeja, daga can kuma na nufi ƙauyen su mahaifiyata da ke ƙasar Guri. Ziyarar kaka tsohuwar al'ada ce a gidanmu. Da an gama yankan gero Inna take ɗaure mana kaya, mu je mu gaida dangi, mu dawo da tsarabar sabuwar shinkafa da bandar kifi. Tun da ta rasu ban sake taka garin ba, shekara shida ke nan, sai da Kawu ya aiko cewa in ina son in same shi da ƙafarsa to in yi harama.

Hanya ba ta canja ba. Daga Gezawa har Gujungu damman gero ne a jingine a gonaki, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, shamuwa ta riga ta yi kudu, hazo ya fara leƙowa. Sai da na bar kwalta abin ya sha bamban da yadda na san shi. Wurin da muke ratsawa da ƙafa muna yara, takalma a hannu, yanzu sai da kwalekwale. Kuma ba ka ganin ruwan sosai, don wata doguwar ciyawa ce ta rufe shi gabas da yamma, ta fi tsawon mutum, mai jirgi yana kutsawa ta wani ɗan lungu da aka sare a tsakiyarta. Ita ce kachalla. A cikinta ga kututturan goriba nan a tsaye, sun mutu tun tuni, domin goriba ba ta jure ƙafarta ta daɗe a ruwa.

Bayan an gaisa an yi addu'a ga mamata, sai na yi wa Kawu irin tambayar 'yan birni. Na ce, "Kawu, muna jin labari a rediyo wai ruwa yana ta ƙaranci a nan, ga hamada tana matsowa."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai ɗan nan, da wane ido ka shigo garin? Ƙarancin ruwa sai ka gangara ka tambayi mutanen gabas. Mu nan zuwa ya yi ya ƙi tafiya. An ce baƙo raɓa ne, to namu baƙon ya kafa bukka."

Wannan magana ita ta sa na zauna bin tarihin kogin, kuma abin da na tarar shi ne zan kawo muku.

Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan sunan ya koma Kogin Haɗeja. Da ya wuce garin Haɗeja sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi, ya rasa gangare, ya rarrabu. Wani reshe, Marma, ya yi arewa wajen Nguru, ga Burum Gana, ga kuma tsohuwar hanyar kogin. Kafin Gashuwa ruwan yake gamuwa da na Kogin Jama'are wanda ya taso daga tsaunukan Jos, su zama Komadugu Yobe, su bi ta Gaidam, su yi iyaka da ƙasar Nijar ta wajen Diffa, su faɗa Tafkin Chadi. Wurin da ruwan ke rarrabuwa yana malala, shi ake kira fadamar Haɗeja da Nguru.

Kafin shekarun 1970 wannan kogi yana da lokaci kamar sallah. Mafi yawan ruwansa a Agusta da Satumba yake zuwa, ya cika fadama, a shekara mai kyau ya shafe fiye da murabba'in kilomita 2,000. Daga Oktoba sai ya fara janyewa, kafin tsakiyar rani kuma ya ƙafe, sai 'yan tafkuna nan da can. Rayuwar mutanen wurin, Badawa da Mangawa da Hausawa da Fulani, a kan wannan zuwa da tafiya aka gina ta. Ana shuka shinkafa da ruwan sama kafin kogi ya kawo, ta riƙa tsawo tana bin ruwan, a girbe ta da kaka. Kifi ya bi ambaliya ya hayayyafa a cikin ciyawa, in ruwa ya juya baya masunta su tare shi a mashigai. Inda ƙasa ta fito da laima a shuka wake. In an kwashe amfani Fulani su gangaro da shanu, su ci ɗanyar ciyawa a lokacin da tudu ya bushe ƙurmus, su bar taki. Fili guda, amma hannu huɗu ke ci a cikinsa, kowa da watansa. Ba na cewa ba a rigima a da, Kawu da kansa yana da tabon sanda a kafaɗa tun yana saurayi. Amma kowa ya san ranar shigarsa da ranar fitarsa, kuma kogi ne yake faɗa. Jirgin ƙasa da ya isa Nguru a 1930 ya tarar da wannan tsari yana tafiya, ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu da ƙaro zuwa kudu.

Sai aka shiga farin 1972 zuwa 1974, wanda har yau tsofaffi ke lissafin shekarun haihuwa da shi. A daidai wannan lokaci gwamnatin Jihar Kano a ƙarƙashin Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, take gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka kammala ta a 1974. A tuna, a lokacin Haɗeja ma cikin Jihar Kano take, sai a 1991 aka yanke Jigawa, aka kuma yanke Yobe daga Borno. Wanda ya ga yadda shanu suka zube a wancan fari ba zai yi mamakin tunanin masu ginin ba: ruwa yana wucewa a wata biyu, ga mutane suna yunwa wata goma, me zai hana a tare shi? Da ruwan Tiga aka buɗe noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda tumatir da shinkafa da alkama ke fitowa har gobe. A 1992 aka ƙara da madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. Birnin Kano ma daga waɗannan koguna yake sha. Ni da nake wannan rubutu, da ruwan da aka tare wa su Kawu nake alwala, don haka ba ni da bakin tsine wa dam.

Abu biyu suka faru a ƙasa, kuma mutane sun fi sanin na farkon. Ambaliyar damina ta ragu. A farkon shekarun 1990 filin da ruwa ke shafewa ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 1,000, ko da yake farin shekarun 1980 ma yana da nasa kason a ciki. A wannan lokaci ne wasu masana, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka yi lissafin abin da ruwa ke haifarwa in an bar shi ya malala a fadama, wato noma da kifi da itacen girki, suka gwada da abin da yake haifarwa in an kai shi gonakin noman rani na sama. Suka tarar a kan ma'aunin ruwa guda, fadama ta fi riba ninkin-ba-ninki. Wannan lissafi yana cikin hujjojin da aka riƙa kafawa a kan shirin gina wata babbar madatsa a Kafin Zaki, kan Kogin Jama'are, wadda har yanzu ba a kammala ba.

Na biyun shi ne wanda Kawu yake kuka da shi, kuma a ganina shi ya fi cin rai. Tun da madatsa sakin ruwa take da rani saboda gonaki da birni, ragowar yana gangarowa ƙasa a hankali duk shekara. Kogin da ya saba zuwa da ƙarfi ya share hanyarsa, sannan ya bushe rana ta gasa gindinsa, sai ya koma ɗan ruwa mai rarrafe wanda ba ya yankewa. Ita kuwa kachalla abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Da can tana nan jefi-jefi, rani da wuta da kofaton shanu suna hana ta sakewa. Da rani ya daina zuwa gindin kogi sai ta samu gari. Irinta kamar auduga yake, iska ke ɗauka, saiwarta kuma tana tafiya ta ƙarƙashin laka. Inda ta tsaya ruwa yana rage gudu, yashi da laka su kwanta, hanya ta toshe. Haka Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin suka cushe, ruwa ya karkata ya tattaru a Marma. Sakamakon shi ne abin da ya ba Kawu dariya a tambayata: garuruwan da ke kan Marma har zuwa Nguru ruwa ya ci gonakinsu ya zauna, na kan rassan da suka toshe kuma suna kallon sama. Kogi ɗaya, wasu na kukan yawa wasu na kukan babu, tsakaninsu tafiyar yini ba ta kai ba.

Kachalla ba ita kaɗai take zuwa ba. A cikinta tsuntsayen jan-baki suke kwana, dubbai a kan dubbai. Kwana uku da na yi, ban ga jikokin Kawu a gida da rana ba, suna 'yar gonar shinkafar da ta rage, sun ɗaura gwangwanaye a igiya suna ja suna ihu tun fitowar rana. Sauro kuwa ba a magana. Ga tsargiya a jikin yara, don dodon-koɗin da ke ɗauke da cutar yana son kwantaccen ruwa.

Akwai wasu baƙin na kaka da ban san da su ba sai da na girma. Lokacin da sanyi ya fara korar tsuntsaye daga Turai, agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsayen bakin tafki suna ƙetaro Sahara su sauka a wannan fadama, su yi hunturu tare da ɗinya da kirinjijiya 'yan gida. Saboda su ne Turawa suka fara waiwayar wurin. An kafa shirin kare fadamar a 1987, Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ya ziyarci Dagona ta ƙasar Bade a 1989, sannan a 2000 aka sa Tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko da ya shiga daga Najeriya. Na ba Gwaggo wannan labari ina jin kaina. Ta saurara, ta ce, "To madalla da baƙi. Ni dai gauraka nake tambaya, yaushe rabon da ka ji kukanta?" Na yi shiru. Tana yarinya, in ji ta, garke-garke suke sauka a bayan gari bayan girbi. 'Ya'yana ba su taɓa ganinta ba sai a hoto.

Bari in faɗi inda abin ya taɓa ni a matsayin mai koyon rubutu, tun da a tsakaninmu ne. Ina da labarin da na shekara biyu ina fama da shi, na kafa shi a wannan ƙauye. A babi na uku yarinyar tana tsakiyar kogi da rani, tana tona yashi da ƙoƙo tana jiran ruwa ya tsatso, sai wayarta ta yi ƙara. Na ɗauko hoton tonon yashin daga bakin Inna, na ɗauko wayar daga aljihuna, na haɗa su ban sani ba. A wurin da na ajiye ta, shekarar da waya ta zo garin, ruwa ya kai wa namiji ƙirji. Editan birni ba zai kama wannan ba, amma duk ɗan ƙasar Guri da ya karanta zai ajiye littafin. Yanzu dole in zaɓa, ko in mayar da ita zamanin Inna in ƙwace wayar, ko in bar mata wayar in sa ta a kwalekwale. Har yau ban yanke ba, don tonon yashin nan shi na fi so a duk littafin.

Ranar da zan taho aka yi gayya. Samarin ƙauyuka uku suka shiga ruwa da lauje da adda, wasu har wuya, suna yankan kachalla. Sun gano cewa in an sare ta a sama tohowa take kamar an yi mata aski, sai an nutsa an yanke ta a ƙarƙashin ruwa sannan take ruɓewa. Niyyarsu su buɗe tsohuwar hanyar da ruwa ke bi ya fice daga gonaki. Matsalar ita ce babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa ganin hanyar da idonsa, an haife su ta riga ta ɓace. Sai aka ɗauko Kawu da wani tsoho sa'ansa, aka zaunar da su a kwalekwale, suna nuni da sanda. Kawu ya ce a bi saitin tsamiyar makabarta a miƙe zuwa matattun goribobin nan uku. Ɗayan ya ce a'a, ta bayan goribobin take, shi ya sha kama tarwaɗa a wurin. Suka yi ta musu, samari na tsaye cikin ruwa suna jira. Da mai jirgina ya tura muka shiga lungu, ban daina jiyo muryar Kawu ba, yana rantsuwa cewa ta gaban goribobin ne.